Araha Ba Ta Ado: Kafin Ka Fesa Wa Cikin Mota Fenti

Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. To, yau ni ne wanen, domin da hannuna na yi ɓarnar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Yayana yana zaune a Agege, kuma da wata tsohuwar mota tokumbo yake kabu-kabu. Daga cikinta gida ke ci, daga cikinta ake biyan kuɗin makarantata. Ranar Legas ta kwana biyu tana dukan dashbod ɗinta har ya koɗe ya yi fari-fari, robobin ƙofa ma duk sun yi dabbare-dabbare. A hutun da ya wuce sai na ce, "Yaya, bar mini wannan aikin, ba sai an kai wa mai fenti ba." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ka tabbata?" Na ce na tabbata.

Na tafi wani shago a bakin titi na sayi gwangwani biyu na baƙin fenti mai ƙyalli, irin wanda ake fesa wa ƙofar ƙarfe, don shi ne ya fi araha. Na share ƙura da tsumma, na fesa shi da kauri. A ranar kam motar ta fito kamar amarya. Kwana biyu bayan nan fenti ya ƙi bushewa, ya yi danƙo, har ya ɓata wa wani fasinja hannun farar shaddarsa. Da rana kuma hasken dashbod ya riƙa haskowa a gilashin gaba, Yaya na tuƙi yana runtse ido. Ga wari mai sa ciwon kai. Kwana huɗu motar ta yi a ajiye muna kankarewa, ba a samu ko sisi ba.

Wani zai ce, "Ai ga shi nan, kowa ya tsaya a kan sana'arsa." Ni ban yarda ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, abin da direba ke komawa da shi gida ya ragu, kuma ba laifi ba ne mutum ya rage wa kansa kashe kuɗi. Ra'ayina shi ne aikin yana yiwuwa a gida. Abin da ya kayar da ni gaggawa ce da rashin tambaya: me zan fesa, kuma a kan me?

Cikin mota ba abu ɗaya ba ne, ko da yake duka muna kiransa roba. Fatar dashbod mai laushi galibi ledar PVC ce, wadda aka haɗa da wani sinadari mai maiƙo don kada ta sandare. Idan aka fesa mata fentin ƙarfe, sinadarin nan kan ratso ya hana shi bushewa, musamman da yake dashbod na iya kai zafin digiri 70 idan mota ta daɗe a rana. Robobin ƙofa masu tauri kuwa, in ka cire su ka duba bayansu za ka ga an rubuta PP ko ABS. Robar PP ba ta riƙe fenti sai an fara fesa mata sinadarin da ke sa shi ya kama. Ita kuma ABS, tina mai ƙarfi na iya narkar da fuskarta. Saboda haka akwai fenti na musamman na leda da robar mota, mai tanƙwaruwa ba tare da ya tsage ba, irin su SEM Color Coat da Dupli-Color. Sun fi tsada, amma ka karanta jikin gwangwani ka ga an ambaci abin da za ka fesa wa. In ba a ambata ba, mayar da shi.

Abu na biyu, share fage ya fi fesawar muhimmanci. Man gogen da masu wankin mota ke shafa wa dashbod yakan ƙunshi silikon, kuma fenti ba ya zama a kansa, sai ya riƙa yin 'yan ramuka. A wanke da ruwa da sabulu sau biyu ko uku, a goge da sifirit, a bi roba mai tauri da samfefa mai laushi a hankali. Abin da ke ciruwa a cire shi a fesa a waje, wanda ba ya ciruwa a rufe kewayensa da jarida da tef. A riƙe gwangwani nesa da kamar taƙi ɗaya, a fesa siriri-siriri sau uku ko huɗu, ana dakatawa 'yan mintoci tsakani. A kula da yanayi kuma: laimar damina a kudu na sa fenti ya yi hazo-hazo, ƙurar hunturu kuwa ta manne masa. Mai hankali ya fara sayen guntuwar tsohuwar roba a kasuwar Ladipo ya gwada a kanta.

Na uku, wanda ya fi kowanne, shi ne rai. Kada a sa fenti mai ƙyalli ko mai haske a saman dashbod. Masu ƙera mota sun yi shi da duhu marar sheƙi ne don kada ya kashe wa direba ido. Kada a fesa wa murfin jakar iska, wadda ke fitowa lokacin haɗari, haka ma bel ɗin kujera, domin sinadarin fenti na iya raunana zarensa. A bar sitiyari da matakin birki da totur yadda suke, gudun santsi. Sannan kada a yi feshi a cikin mota a rufe, ko kusa da janareto da wuta, don tiririn na kamawa. Rufe hanci da hankici ba ya tare shi, sai takunkumi mai matatar gawayi. Fentin nan na jikin mota da ake haɗa shi da sinadarin ƙarfafawa, a bar wa masu kayan aiki, domin shaƙarsa na jawo asma.

Daga ƙarshe mun sake aikin da fentin da ya dace, baƙi marar ƙyalli, muka ba shi kwana biyu gilasai a buɗe. Har yau yana nan garau. Kujeru kuwa mai ɗinki muka kai wa, don fenti ba ya ɗinke yagaggiyar leda. Da na lissafa, gwangwani biyun nan masu araha sun ci kuɗin fenti mai kyau, sun ci na wankin shaddar fasinja, sun haɗa da cinikin kwana huɗu.

Don haka ɗan'uwa mai karatu, in ka ga dashbod ɗin gidanku ya koɗe hannunka ya fara ƙaiƙayi, ban ce ka fasa ba. Cewa na yi ka juya robar ka karanta bayanta, ka juya gwangwanin shi ma ka karanta, kafin ka danna. Har gobe in na taɓa motar Yaya sai ya ce, "Ɗan boko, ka karanta kuwa?"

A nan zan dasa aya. Allah Ya kare mu a kan hanya, amin.