ZUMA MAGANI CE, AMMA BA TA JARIRI BA CE

Ya kai ɗalibi, da ku iyayenmu na Wurno da Rabah da Goronyo, ina so mu yi magana kan zuma.

Falalar zuma ba abin jayayya ba ce. Allah Ya ambace ta a Suratun Nahli, aya ta 68 da ta 69, Ya bayyana cewa akwai waraka a cikinta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a shayar da mai ciwon ciki zuma. Likitocin zamani ma sun yarda tana lafar da tarin dare ga yaron da ya haura shekara ɗaya, kuma tana taimakon miki da ƙuna su warke. Wajen kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kashi 17 ruwa, shi ya sa take ba jiki ƙarfi nan take.

To amma fa ga inda gizo ke saƙa. A gidajenmu da yawa, da an haihu sai kaka ko ungozoma ta lakato zuma ta sa wa jinjiri a baki, wai don cikinsa ya wanke. Ra'ayina, a daina wannan. Cikin zuma akan sami ƙwayar wata cuta wadda asalinta daga ƙasa da ƙura take, ido ba ya ganinta, tafasawa kuma ba ta kashe ta. Hanjin babba yana fin ƙarfinta. Hanjin jariri kuwa bai yi ƙwari ba, sai ta tsiro a ciki ta fitar da dafi mai kashe jijiya. A shekarar 1976 likitoci a Amurka suka gano wannan cuta ga jarirai, kuma yau shawarar likitocin duniya ita ce kada a ba yaro zuma sai ya cika wata 12.

Alamominta su ne: yaro ya kasa yin kashi, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya yi ƙasa-ƙasa, wuyansa ya saki, fatar idonsa ta sauko. In ta yi tsanani numfashi ke tsayawa. Wanda ya ga haka kada ya tsaya cewa iska ce ko maita, a garzaya asibiti.

Wani zai ce: "Malam, ai tahniki sunna ne." Gaskiya ne. Amma da me Annabi (SAW) ya yi tahniki? Da dabino ya yi, ɗan kaɗan, ya tauna ya goga a dasashi. Wani kuma zai ce: "Abin da Alƙur'ani ya kira waraka ya zama cuta?" Malaman tafsiri sun lura kalmar waraka a ayar ta zo a nakira, watau ba kowace cuta ba, ba kuma kowane mutum ba. Ruwa ma rayuwa ne, amma shi ke cin mutum a gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 yana kwance nan Wurno, ya wallafa littattafai kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Ashe ke nan bincike kan magani gadonmu ne.

Abincin jariri shi ne nonon uwa zalla har wata shida, musamman dakashin farko da wasu ke tatsewa su zubar, alhali shi ne rigakafinsa.

Manya ma a yi hattara. Mai ciwon sukari kada ya ce zuma ta Allah ce ya yi ta kwankwaɗa, tana ɗaga sukarin jini, sai ya tuntuɓi likita. Sannan a kasuwanninmu akwai masu dafa sukari su zuba a kwalba su kira shi zuma. Wannan algus ne, haramun ne. In da hali, sayi wurin mai amya da ka sani.

Ya kai ɗalibi, karanta wa inna da kaka wannan shafi cikin ladabi, ba da ɗaga murya ba. Don ƙauna suke yi, kuma in sun ji dalili za su karɓa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa mu dace, amin. Wassalam.