Yazawa Da Tamowa: Ina Gaskiyar Maganar Take?

A watan Yuli na 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun mutu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida kacal. Wannan ya zo ne a shekarar da Amurka ta yanke tallafin da take bai wa ƙasashen waje. Don haka ba abin mamaki ba ne da jama'a ke tambaya ko ƙwayar yazawa, wato kashu, za ta iya cike gurbin abincin tamowa na asibiti.

Bari mu duba maganar a tsanake. Abincin nan na cikin leda, Plumpy'Nut, a Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma ya yi suna ne lokacin yunwar 2005 a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Tunkuzar gyaɗa ce aka haɗa da garin madara, sukari, mai, da sinadaran gina jiki da aka auna daidai. Yaron da tamowa ta kama sosai, cikinsa ba ya ɗaukar kowane irin abinci, shi ya sa awon yake da muhimmanci. Yazawa ita kaɗai ba ta da wannan haɗin.

Ba mu ce yazawa ba ta da amfani ba. Tana da mai, kuma ta fi gyaɗa sinadarin ƙarin jini. Amma wajen gina tsoka gyaɗa ce a gaba: a cikin giram 100, gyaɗa na da kusan giram 25 na sinadarin gina jiki, yazawa kuwa 18. Ga kuma tsada. Yawancin abin da ake nomawa a Kogi, Oyo, Kwara da Binuwai, ɗanyensa ake kwashewa zuwa Indiya da Biyetnam, saboda haka kasuwar waje ce ke yanka mata farashi. Uwar da ke fama da kuɗin mudun gero ba za ta iya saye ba.

To, mene ne abin yi? Wanda yake da itacen yazawa a gona, kada ya sayar duka, ya rage wa gida. A soya da kyau, domin man ɓawonta yana ƙona fata. A niƙa ta yi laushi, a zuba cokali ɗaya a kunun yaron da ya wuce wata shida. A fara da kaɗan, in an ga ƙuraje ko kumburin baki a daina, a je asibiti. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar sukutum, tana iya shaƙe shi. Wanda ba shi da ita kuma, gyaɗa da waken soya da gero sun wadatar, kuma zumuntar mata za ta iya koya wa iyaye wannan haɗin.

Amma 'yan'uwa, in ƙafafun yaro sun kumbura, ko ya rame ƙwarai, ko ya ƙi cin abinci, maganar kunu ta wuce. A kai shi asibiti a ranar. Mu kuma mu matsa wa gwamnatocin jihohinmu su sa kuɗin abincin tamowa a kasafinsu, domin wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, wata rana da yunwa zai kwana.