A Bar Yaranmu Su Ƙera Injin Iska, Amma A Koya Musu Awo

A shekarar 2002 wani yaro mai shekara 14 a yankin Wimbe da ke gundumar Kasungu ta ƙasar Malawi, William Kamkwamba, ya kafa injin iska a gidan mahaifinsa. Yunwar da ta afka wa ƙasar ce ta raba shi da sakandare, don iyayensa sun kasa biyan kuɗin makaranta. Ya koma yana zama a ɗan ɗakin karatu na garinsu, inda ya ci karo da littafin kimiyya mai hoton injin iska. Ya haɗa fankar tarakta, da gangar jikin keke, da dainamon fitilar keke, ya tsaga bututun roba ya gasa ya miƙar ya yi fukafukai, ya ɗora duka a kan hasumiyar itacen turare. Daga baya ya sa batirin mota. An gayyace shi taro a Arusha a 2007, an rubuta littafi a kansa a 2009, an yi fim a 2019.

Abin da na fi so a riƙe daga labarin nan shi ne girman abin da injin ya iya: ƙwan lantarki huɗu da rediyo biyu, sai cajin wayoyin maƙwabta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da bai taɓa ganin wuta ba, amma iyakarsa ke nan. Ina faɗin haka ne saboda bidiyoyin da ke yawo a wayoyinmu, inda matashi zai nuna fanka tana juyawa a kan rufi, ƙwai ɗaya ya kama, sai a ce ya gano hanyar haska gari guda. Yabon da ya wuce kima cutar da yaron yake yi. Ranar da batir ya ƙi cika, shi ne zai ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza, alhali lissafi ne ba a koya masa ba.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sau takwas yake ninkawa. Idan kuma aka ninka tsawon fukafuki, ana samun ninki huɗu. Ɗauki injin da tsawon kowane fiffikensa mita ɗaya ne. Iskar da ke gudun mita 4 a daƙiƙa tana ratsa shi da ƙarfin wat 120 ko kusa da haka. Ba mai iya kwashe wannan duka. Wani Bajamushe, Albert Betz, ya nuna tun wajen 1920 cewa ko injin da ba shi da aibi ba zai wuce kashi 59 cikin ɗari ba. Na gida in ya sami rubu'i ya yi ƙoƙari, wato wat 30. Awa shida a haka za su caja wayoyi kamar goma. In iskar ta sauka zuwa mita 2, fanka za ta iya ci gaba da juyawa ana sha'awarta, amma abin da ke shiga batir bai kai a ambata ba.

Yawancin masu gwadawa wajen 'yan gwangwan suke nufa su sayo altanetar mota, tunda an san ita ke cajin batir. Nan ake fara asara. Altaneta tana buƙatar juyi mai sauri irin wanda injin mota ke ba ta, kuma sai ta fara shan wuta daga batirin kafin ta samar da tata. Abin da ya dace shi ne janareta mai maganaɗisu na dindindin, wanda ke ba da wuta ko a juyi kaɗan, ko kuma a sami mai naɗa koyil ya naɗa sabo a jera maganaɗisai a kan faifan ƙarfe. Batir mai bolt 12 ba ya karɓar caji sai abin da ake tura masa ya haura haka, ya doshi 14. Dole a sa dayod tsakani, in ba haka ba da iska ta kwanta wuta za ta koma baya, batir ya riƙa juya fankar har ya ƙare.

Akwai kuma wani bambanci da masu aikin sola kan manta. Faifan sola in batir ya cika sai a yanke shi, ba abin da zai faru. Injin iska in aka yanke masa kaya, fukafukan sai su sami sake su yi gudun da zai iya tarwatsa su, don haka ana karkatar da rarar wutar zuwa wani abu mai cinye ta, kamar wayar dumama ruwa. Wanda ya san guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko a ƙasarmu, wadda ke yaye kwanon rufi, ya san me nake tsoro. Sai an yi wa injin wutsiyar da za ta kauce da shi gefe in iska ta yi yawa, a ɗaure turken da wayoyi ta kowane ɓangare, a binne ƙarfen kariya daga tsawa. Kada kuma a ɗora shi a rufin ɗakin da ake kwana: iskar da ke tsakanin gidaje da bishiyoyi a hargitse take, girgizar tana tsaga katanga, fiffike ɗaya in ya ɓalle kuwa makami ne.

Wani zai ce to mene ne amfanin wannan wahala, ga sola a kowace kasuwa? Gaskiyarsa. Wanda wuta kawai yake nema, a mafi yawan garuruwanmu faifan sola ya fi sauƙi, ya fi arha, ba ya kuma da abin da ke juyawa balle ya ci. Ba zan ba talaka shawarar ya zuba kuɗinsa a injin iska don ya maye gurbinsa ba. Sai dai a hunturu, lokacin da hazo ke rufe rana, ƙura na lulluɓe faifai, a lokacin ne iskar gabas ke kaɗawa sosai, kuma iska ba ta san dare ba. A tudu ko fili mai sarari, biyun suna iya cike wa juna.

Amma babban dalilina na son injin iska shi ne aikin hannu. Faifan sola daga waje yake zuwa a rufe, in ya fashe sai a sayi wani. Injin iska kuwa kafinta ne zai sassaƙa fukafukan, mai walda ya yi turke da wutsiya, mai koyil ya naɗa, kuma duk muna da su a kowane gari. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa manyan injuna 37 na kamfanin Vergnet na Faransa don samar da megawat 10, aikin ya ɗauki fiye da shekara goma. Duk lokacin da na tuna da su, tambayata ita ce yara nawa ne daga Rimi ko Charanci suka taɓa kwance ko da ƙaramin irinsu? A Scoraig, wani lungu na Scotland da layin lantarki bai kai ba, Hugh Piggott ya shafe shekaru yana ƙera ƙananan injuna da katako da maganaɗisu, tsarinsa kuma ana koyar da shi a ƙasashe da dama har da na Afirka.

Ina roƙon kwalejojin fasaha na jihohinmu kowace ta kafa guda ɗaya a filinta, ɗalibai su ƙera da hannunsu tare da masu sana'a na cikin gari. A rataya ma'aunin gudun iska a turken, a sa mitar wuta a bakin batir, a riƙa rubuta abin da suka nuna safe da yamma har shekara ta zagayo, hunturu da bazara da damina. A ƙarshen shekara a buga sakamakon da Hausa, don mai niyyar sayen maganaɗisu a Daura ko Illela ya san abin da iskar garinsu za ta ba shi kafin ya fitar da kuɗinsa.