A Tsara Hanya Kafin A Tare Teku

Tun wajen 1908 aka fara jera duwatsu a bakin mashigin jiragen ruwa na Ikko, don kada yashi ya toshe shi. Jirage suka sami hanya, amma yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma ya daina isa gaɓar Bar Beach. Teku ta yi ta cin ƙasa shekara da shekaru, har a wajen 2005 da 2006 ta ɓarnata wani sashe na titin Ahmadu Bello a tsibirin Victoria. Daga 2008 aka shiga aikin Eko Atlantic, aka cike gaɓar da yashi, aka ja ganuwar da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5, aka lulluɓe ta da curin kankare, kowane ɗaya tan 5.

Aikin kirki ne, babu shakka. Amma fa dutse ba ya zuwa da ƙafarsa. Manyan motoci ke jigilarsa, a kan hanyar da akawu da malamin makaranta da 'yan kasuwa ke bi kullum. In ba a yi tsari ba, sai garin neman gira a rasa ido, watau a kare hanya daga ruwa, a toshe ta da motoci.

Ikko kanta ta nuna dabara. Sa'ad da aka rufe rabin babbar gadar Third Mainland don gyara, daga Yuli 2020 zuwa Fabrairu 2021, an sanar tun da wuri, aka bar masu shiga tsibiri su bi da safe, masu komawa gida su bi da yamma. An sha wuya, amma kowa ya san lokacinsa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnati, duk garin da za a gina wa ganuwar teku, kada a ba ɗan kwangila aiki sai ya kawo tsarin hanya a rubuce. A keɓe wa motocin dutse sa'o'in dare. A gyara hanyar ratse kafin a rufe babba. A bar wa motar asibiti da ta kashe gobara mafita. A sanar da direbobi cikin harsunansu, har da Hausa, gama da yawa cikin masu kai shanu da albasa Ikko 'yan Arewa ne.

Ku ma'aikata da takardun kwangila ke bi ta hannunku, ku duba wannan kafin a sa hannu.