Wasan Kwaikwayo Ba Labule Ba Ne

Akwai wasu malamai da su ke koya wa yara cewa wasan kwaikwayo baƙo ne a ƙasar Hausa, wai ya sauka ne a shekarun 1930, sa'ad da Dokta East ya buga littafinsa na wasanni shida. A wurinsu, sai an rubuta abu a takarda, an hau dakali, an ja labule, sa'an nan ya ci sunan wasa. Wannan magana kuwa ba ta da ƙafafu.

To, me za su kira tashe? Daga goma ga watan azumi yaro ya kan manna gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya ranƙwafa, ya zama tsoho a ƙofar gidan mutane. Wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani. Masu kallo sun san ɗan wane ne, amma suka yarda, na ɗan lokaci, cewa tsoho ne. 'Yan kama ma haka su ke: su zauna zaman malamai, su karya murya kamar masu karatu, alhali tuwo da miya su ke wa wa'azi. A wasan gauta kuwa, matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, har mai sarauta ya ga halinsa a jikin wani. Ina labule a nan? Ina littafi?

Lalle abin da Shu'aibu Maƙarfi ya yi da Jatau Na Kyallu a 1960 babban aiki ne, ba mai musu. Amma rumbu ya gina wa hatsin da aka riga aka nome.

Ma'aunin ɗaya ne, watau mutum ya ari halin wani, a gaban masu kallo da suka san aro ne. Shi ya sa bori bai shiga ba, ko da wasu masana na ƙetare sun so su cusa shi ciki. Wanda bori ya hau ba ya cewa yana kwaikwayon Sarkin Rafi. Cewa a ke yi Sarkin Rafi ne da kansa ya zo. Inda babu aro, babu kwaikwayo.

Da wannan ma'auni Samanja na Usman Baba Pategi ya shiga, ko da ya ke ta rediyo da talabijin ya iso gidaje. Fina-finan Kano da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 sun shiga, haka kuma saurayin da ya naɗa rawanin aro ya yi alƙali a gaban wayar salula. A kushe aikinsu in ya yi muni, amma ba a kore su daga gidan ba. Mai gadin da ya hana su shiga, shi ne dai ya bar yaron tashe a waje, gemun audugarsa a hannu, kuma har yau ba a buɗe masa ba.