Raddi ga Masu Cewa Sola Ba Za Ta Kamo Man Fetur a Araha Ba

Da'awar cewa wutar sola ba za ta iya gogayya da man fetur a farashi ba ta dogara ne da hujjoji uku: tsadar kaya, faɗuwar rana, da zargin cewa tallafi ne ke riƙe da ita.

Hujjar tsada lissafin ranar saye ne kawai. Gaskiya ne janareta ya fi fanel da batir da inbata sauƙin kuɗi a kanti, amma wanda ya sayi janareta bai gama biya ba. Kullum sai ya zuba mai, ga canjin baƙin mai, ga kuɗin makanike. Fanel kuwa yakan kai shekara 25 yana aiki bai sha ko lita ɗaya ba. Ma'aunin adalci shi ne nawa kowane yunit na wuta ya ci a tsawon rayuwar na'ura. A kan wannan ma'auni, hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta nuna cewa kuɗin samar da wuta a manyan tashoshin sola ya faɗi da kashi 85 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. A 2021 Saudiyya, wadda mai bai yanke mata ba, ta samu tayin wutar sola a kan kimanin senti ɗaya na dalar Amurka kowane yunit. Babu injin dizal da ke kusantar wannan.

Hujjar dare ta fi sauran ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Da dare sai da batir, shi kuwa batir yana mutuwa a sake wani, hazo kuma yana rage ƙarfin fanel in ba a goge ƙura ba. Sai dai farashin batirin litiyam ya sauka da kusan kashi 90 cikin ɗari tun daga 2010. Ban da haka, ayyuka da yawa da rana ake yin su. Famfon sola na noman rani ba ya ma buƙatar batir, domin lokacin da shuka ke neman ruwa shi ne lokacin da rana ke dukan fanel.

A batun tallafi kuwa reshe ya juye da mujiya. A Najeriya fetur ne ya rayu da tallafi. Da aka cire shi a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Arahar da ake kafa hujja da ita baitulmali ne ya riƙa biyan ta.

Inda masu da'awar ke da gaskiya shi ne jiragen sama, jiragen ruwa da sarrafa robobi. A nan mai yana nan daram. Amma a fagen lantarki, abin da mai ke samarwa a duniya bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Abin da ke hana talaka sanya sola shi ne tara kuɗin farko a dunƙule, rashin bashi mai sauƙin biya, da jabun kaya a kasuwa. Wannan matsalar jari ce da sa ido, kuma ba ta tabbatar da cewa mai ya fi araha ba.