A Yi Wa Duwatsunmu Hurumi

Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, hunturu ya buso, sai gangar mafarauta ta tashi a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu. A da da ƙafa ake fita. Yanzu shatar mota ake ɗauka, a loda samari da karnuka, wasu su rufa baya a kan babura, a sauke su a gindin dutse tun da asuba. Mai gora da mai barandami da mai adaka kowa ya ja tunga, a cinna wa ciyawa wuta ta inda iska ke kaɗawa, duk abin da ya fito a rufe shi.

Ba na cikin masu cewa a kashe farauta. Gado ce, kuma halal ce, har farauta da horarriyar dabba an ambace ta a Suratul Ma'ida. Amma farautar gayya ta yau wasan rani ce ta samari, domin naman da ake dawowa da shi sau da yawa ko kuɗin mota ba ya mayarwa. Ɓarnar da ta fi yawa kuwa ba a rataye take dawowa gida ba, can ake barin ta a kan dutse.

Bayan girbi gonaki sun zama fili, tafkuna sun ƙafe, sai 'yan kududdufai a kogin Bunga. Zomo da gada da jan biri da zabon daji da kazar dutse ba su da mafaka sai duwatsu irin na Fagam da Farin Dutse. Dubi rema. Jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, shi ya sa take fitowa da safe ta baje a kan fa ta sha hantsi kafin ta iya kiwo. Idan ganga da haushin kare suka kora ta rami, ta rasa hantsin, ta rasa kiwon ranar. Cikinta wata bakwai ne zuwa takwas, 'ya'yan kuma biyu ko uku. Dabba mai irin wannan haihuwa ba ta jure a riƙa tashinta kowane mako har damina ta faɗi. Wutar kuma ta cinye ɗan abincin da ya rage, ta bar makiyayi shi ma yana zagaye da shanunsa a kan toka.

Mutanen Suwizalan sun gamu da irin wannan a tsaunukan Alps. Masu wasan sulu a kan ƙanƙara ba sa kashe ko ɓera, amma idan suka ratsa inda awakin dutse da tsuntsaye ke fakewa a tsakiyar sanyi, gudun da dabbar za ta yi yana ƙone kitsen da ta tara don ta kai bazara. Sai hukumomi suka shata wuraren hutun dabbobi, aka sa su a taswira, aka kafa alamu, wanda ya keta inda doka ta hana ya biya tara. Wasan bai mutu ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun san darajar dutse idan zane ne a jikinsa. Zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, wanda masana suka fara nazarinsa a shekarun 1950, yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Dabbar da aka zana tana da mai gadi, mai rai ba ta da shi. Dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa tun 1963 take, kuma a 2020 an amince a mayar da dausayin Haɗeja gandun daji na ƙasa, amma wannan can arewa maso gabas ne. Kudancin Jigawa, inda duwatsun suke, shiru.

Haramcin farauta da ake shelantawa a rediyo ba ya hawa dutse. Wanda mafarauci ke jin maganarsa shi ne Sarkin Baka, sai dagaci da hakimi. Kuma tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu: muna da hurumin gari da na maƙabarta, Manzon Allah (SAW) ma ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawaki. Kowace gunduma ta zaɓi dutse ɗaya ko biyu da bakin ruwan da ke kusa, a ce nan ba ganga, ba kare, ba wuta, na tsawon wasu shekaru, sauran dajin a ci gaba da fita. Mafarautan su ne za su fara cin riba, domin naman da ya hayayyafa a hurumi ba ya zama a cikinsa.

Ina kira ga Masarautar Dutse da shugabannin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu su tara sarakunan baka a zauna, a fitar da sunayen duwatsun kafin gangar baɗi ta tashi.